Zaɓen Makarantar Gaba da Sakandare: Wa Ke Yi wa Ɗan Karkara Jagora?

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe sayar da fom, za ka ga samari da 'yan mata daga ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, irin su Tamawa da Birchi da Wurma da Karofi, sun yi sammako sun nufi cibiyoyin rajista na kwamfuta, kowa riƙe da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa da 'yan kuɗin da uba ya sayar da buhun masara ko tunkiya ya haɗa masa. Bayan an sha dogon layi, yaro zai zauna gaban ma'aikacin da ke shigar da bayanai, shi kuma ya jefo masa tambaya ba tare da ya ɗago kai ba: wace makaranta, wane kwas? Akwai mutum hamsin a bayansa suna jira, don haka sai ya faɗi abin da ya ji abokinsa ya faɗa, ko kuma ma'aikacin ya zaɓa masa abin da ya ga dama. Cikin 'yan mintoci an yanke hukunci a kan karatun shekara goma sha biyu da kuma abin da zai biyo bayansa. Wannan al'amari ne da ya kamata mu 'yan boko mu tsaya mu dube shi da idon basira, domin asarar da ake tafkawa a wannan wuri ba ta da amo, ba a kawo ta a labarai, amma tana cin gidaje da yawa.

Akwai littafin da aka tanada musamman don hana irin wannan zaɓe na ido rufe, wato kundin JAMB da ɗalibai ke kira burosha. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke shirya jarrabawarta ta ɗauki ɗalibanta, har ya zamana mutum ɗaya kan sami gurbi a wurare uku ya tare su, wani kuma ya rasa. Don magance haka gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa hukumar a 1978, lokacin da jami'o'in ƙasar nan 13 ne kacal. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi, a 2010 kuma aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama ɗaya. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1980 da 1990 za su tuna da wannan littafi mai kauri, mai ƙananan haruffa, wanda ake ba mutum tare da fom. Yakan kwana a ɗakin samari, a yi ta jujjuya shi a gaban fitilar ƙwai, wa ya gama da shi ya bar wa ƙane, malamin makaranta ya ara ya duba wa ɗalibansa. Ko da yaro bai fahimci rabin abin da ke ciki ba, littafin yana nan a gari, wani zai karanta masa.

Daga 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta ɗungurungum, kundin ma ya bar takarda, ya koma faifai, daga nan ya koma intanet. Ta fuskar hukuma wannan ci gaba ne, domin an rage kuɗin ɗab'i kuma ana iya gyara bayani cikin sauri. To amma mai karatu ya tambayi kansa, yaron da ke Tamawa, wanda wayar gidansu ba ta hawa intanet, ko kuma sai an hau tudu ake samun sabis, yaushe zai zauna ya bi shafuka ɗaruruwa yana kwatanta wannan jami'a da waccan? Littafin da a da yake yawo hannu zuwa hannu a unguwa, yanzu ya zama sai mai babbar waya da kuɗin data. Ɗan ma'aikaci a GRA ta Katsina bai rasa komai ba, don ko bai buɗe kundin ba, yana da kawu lakcara da gwaggo ma'aikaciyar jinya. Wanda ya yi asara shi ne yaron da zai zama na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a.

Ko da kundin ya iso hannunsa, akwai katanga ta biyu, ita ce ta harshe. A matsayina na mai nazarin harshe, ina iya cewa Ingilishin da aka rubuta kundin JAMB da shi ba Ingilishin da ake koyarwa a aji ba ne. Harshen ofis ne, na magatakarda zuwa ga magatakarda, cike da gajerce-gajercen sunaye da jadawali mai layi huɗu ko biyar, kuma muhimmin bayani yakan maƙale ne a layin ƙarshe, inda ake jera sharuɗɗa na musamman, a ce jami'a kaza tana karɓar wannan darasi a madadin wancan, jami'a kaza ba ta karɓa, wata kuma sai an ci darussan duka a zama ɗaya. Bambancin ƙananan kalmomi biyu, “da” da “ko”, shi ke raba wanda zai shiga da wanda za a mayar gida. Mai son aikin likita dole ya rubuta Ingilishi da fizis da kemistiri da bayoloji. Mai son injiniyanci, lissafi ne zai maye gurbin bayoloji. Mai son aikin lauya kuwa, galibin jami'o'i suna neman adabin Ingilishi, darasin da makarantun karkara da yawa ba su da malaminsa. Yaro zai iya cin maki 250 cikin 400, ya rasa gurbi, saboda kawai darussa huɗun da ya haɗa ba su dace da kwas ɗin da ya nema ba. Kuma ba mai aiko masa da takardar bayani. Zai yi ta jira har shekara ta zagayo, iyaye su ce ba rabo, ko su ce sai da hanya, alhali kuskuren tun ranar rajista aka yi shi.

Abin da ya ƙara wa wannan matsala nauyi shi ne yadda zaɓin kansa ya yawaita. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ba ta da jami'a ko ɗaya. Ɗan Kurfi mai neman digiri Zariya ya sani, sai Kano, sai Sakkwato. A 2005 jami'ar da yanzu ake kira Al-Qalam ta sami lasisi, a 2006 gwamnatin Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ta kafa jami'ar jiha wadda daga baya aka sa mata sunansa, a 2011 kuma gwamnatin Shugaba Jonathan ta kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma cikin sababbin jami'o'i tara. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a nan Dutsin-Ma, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a birnin Katsina, ga kwalejin Yusufu Bala Usman a Daura, ga makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa, ban da makarantun koyon aikin jinya da kiwon lafiya. A ƙasa baki ɗaya, jami'o'i sun haura 270 tun a 2024. Kasuwa ta cika ta batse, amma mai saye bai san farashi ba, bai kuma san mai kyau da marar kyau ba.

Alƙaluman hukuma sun nuna sakamakon wannan duhun kai. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a watan Mayun 2025, daga cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. A waccan shekara an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma na kwalejoji, sai dai kowa ya san wanda ke neman likitanci ko aikin lauya a babbar jami'a da maki 180 ɓata fom ɗinsa kawai ya yi. A ɗaya ɓangaren kuma, lokacin da Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, yake bayanin dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara bakwai a watan Agustan 2025, ya ce jami'o'i 199 ba su sami masu nema 100 ba ta hannun JAMB, 34 daga ciki ko mutum ɗaya bai neme su ba, haka ma kwalejojin ilimi 64. Wato ana turereniya a ƙofa ɗaya har ana karya ƙafa, ga wasu ƙofofin a buɗe ba kowa. Gaskiya ne da yawa daga cikin waɗancan makarantu masu zaman kansu ne da kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka, wasu kuma ba su cancanci a neme su ba. Amma wane ne zai bambance wa uba manomi wadda aka guje wa don tsada, da wadda aka guje wa don rashin inganci, da wadda ba a san da ita ba ne kawai?

A nan ne gizo ke saƙa, domin kundin JAMB, ko da an fahimce shi daga farko har ƙarshe, tambaya ɗaya yake amsawa: me ake bukata kafin a shiga? Tambayoyin da ke hana iyaye barci ba ya taɓa su. Ba ya gaya maka mutum nawa suka nemi kwas ɗin bara, nawa aka ɗauka, kuma da wane maki aka rufe ƙofa. Ba ya faɗin kuɗin rajista, balle na haya da abinci da mota. Ba ya nuna maka cewa manyan jami'o'i ba su cika waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba. Iyaye ƙalilan ne suka san ƙa'idar rabon gurabe a jami'o'in tarayya, wadda ta ware kashi 45 cikin ɗari don cancanta zalla, kashi 35 don 'yan yankin da jami'a take, kashi 20 kuma don jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi, waɗanda Katsina na cikinsu. Wannan dama ce da tsari ya ba ɗan Katsina, amma wanda bai san da haƙƙinsa ba, ta yaya zai tsara zaɓinsa a kansa?

Sai batun tantancewa. Hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasan jami'a, tana ba da cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana. NBTE ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE kuma kwalejojin ilimi. Bayan su akwai majalisun sana'a, na likitoci da na lauyoyi da na injiniyoyi da na ma'aikatan jinya, waɗanda wasunsu ke ƙayyade yawan ɗaliban da makaranta za ta ɗauka. Ɗalibin da ya faɗa kwas ɗin da ba a amince da shi ba, ko aka ɗauke shi bayan an wuce adadi, zai iya gama karatu ya zauna shekaru yana jiran shiga Makarantar Horon Lauyoyi ko samun lasisin aiki. Haka kuma tun 2017 JAMB ta fito da tsarin CAPS, wanda duk gurbin da ba ta cikinsa aka bayar ba hukuma ba ta san da zamansa ba, mai shi kuma zai gamu da cikas ranar tafiya bautar ƙasa. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙarshen 2023 ba, sa'ad da ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bankaɗo yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, lamarin da ya sa a watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Iyaye nawa ne a Arewa suka sayar da gona suka tura 'ya'yansu can da zuciya ɗaya, bisa maganar dillali?

Akwai kuma tambayar da a yankinmu ta fi kowace nauyi, musamman ga iyayen 'ya mace: a ina za ta kwana? A watan Oktoban 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Uban da ya ji wannan labari, idan bai sami amsa ingantacciya ba game da ɗakunan kwanan makaranta, da gado nawa ke akwai, da ko ana fifita 'yan shekarar farko, abin da zai yi a bayyane yake: zai ce ta haƙura. Rashin bayani a nan yana nufin ƙarshen karatun yarinya.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa jerin sharuɗɗa kaɗai ba ya wadatarwa. A Amurka, Edward Fiske, editan sashen ilimi na jaridar New York Times, ya fitar da littafinsa na jagorar kwalejoji a 1982, inda yake bayanin halin kowace makaranta bisa abin da ɗalibanta suka faɗa. A 1983 mujallar U.S. News ta fara jera jami'o'i daga ta ɗaya zuwa ƙasa. A 2015 gwamnatin Obama ta buɗe rumbun bayanai da ke nuna kuɗin kowace makaranta, da yawan masu kammalawa, da abin da suke samu bayan sun fara aiki. Sai dai kada mu kwaso komai. Jerin na ɗaya da na biyu yana koya wa makarantu ƙarya. A 2022 wani farfesan lissafi na Jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya nuna cewa alƙaluman da jami'arsa ke miƙawa ba daidai ba ne, ta faɗo daga matsayi na 2 zuwa na 18. Idan haka ta faru a can, mai karatu ya ƙiyasta abin da zai faru a nan in aka ce shugabannin makarantu su yi gasar kai wa mai buga littafi alƙaluma.

Darasin da ya fi amfani gare mu ya fito ne daga bincike guda biyu. A 2013 masana tattalin arziki Caroline Hoxby da Sarah Turner sun ba da rahoton gwajin da suka yi, inda suka aika wa haziƙan 'ya'yan talakawa takardun bayani da aka tsara daidai da halin kowane ɗalibi, a kan kuɗin da bai wuce dala 6 ba ga mutum ɗaya, kuma yaran suka ƙara neman manyan makarantu suna samun shiga. Wani binciken da Eric Bettinger da abokan aikinsa suka buga a 2012 ya gano cewa miƙa wa iyali takardar bayani kawai game da tallafin karatu bai canza komai ba, amma da aka sami mutum ya zauna da su ya taya su cike fom, yawan masu shiga kwaleji ya ƙaru. Ma'ana, bayani yana aiki idan an yi shi da harshen mai bukata kuma daidai da halinsa, ya fi aiki kuma idan akwai ɗan Adam a gefe. Hausawa sun riga sun faɗa, matambayi ba ya ɓata, amma fa sai in akwai wanda za a tambaya.

Saboda haka shawarata ita ce a samar da ƙaramin littafin jagora da Hausa, na Jihar Katsina, wanda ba zai wuce shafi sittin ba, a riƙa sabunta shi kowace shekara kafin a fara sayar da fom. Kowace makaranta ta sami shafinta: kwasa-kwasanta da matsayin tantancewar kowanne, darussa huɗun da ake haɗawa, kiredit ɗin da ake nema, makin da aka tsaya a kai bara, kuɗin rajista, kuɗin haya a unguwannin ɗalibai, yawan gadajen kwana, da irin aikin da kwas ɗin ke kaiwa gare shi. A yi babi a kan hanyoyin da ba a cika faɗa wa yara ba, kamar shiga aji biyu na jami'a da takardar NCE ko difloma ko IJMB, da dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu, da bashin karatu marar ruwa na NELFUND da aka fara a 2024, da tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Kada a jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, kada kuma a karɓi tallar kowace makaranta, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sabuntawar nan wajibi ce, domin ƙa'idoji na sauyawa. A watan Oktoban 2025, alal misali, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga ga masu neman fannonin adabi da makamantansu. Yara nawa ne a Kurfi da lissafi ya tsare shekara da shekaru suka ji wannan labari?

Na san za a ce, wanda zai shiga jami'a ai ya kamata ya iya Ingilishi, me zai yi da jagorar Hausa? Amsa ita ce, ba ɗalibi kaɗai ke yanke shawarar ba. Uba ne zai sayar da amfanin gona, uwa ce za ta fasa asusu, kawu ne za a je wa shawara, kuma da yawansu da Hausa suke karatu, wasu da ajami, wasu da kunne. Wanda zai biya yana da haƙƙin ya fahimci abin da yake saye. Kuma aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Da Hausa aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai a kan noma da lafiya da sana'a, suka shiga lunguna. Masanan da za su daidaita kalmomi muna da su a sassan Hausa na jami'o'inmu da kwalejojinmu, ga Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda kwalejin Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, ya riƙe Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Arewa a zamanin da ake bin iyaye gida-gida ana roƙonsu su ba da 'ya'yansu. Yau iyayen ne da kansu suke kawo 'ya'yan, da kuɗinsu a hannu, mu kuma mun kasa nuna musu ƙofa.

Wa zai ɗauki nauyi? Ma'aikatar ilimi ta jiha ta tattaro alƙaluma, domin ita ce ke da ikon tambayar makarantu su amsa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Isa Kaita su ba da malamai da ɗaliban da za su rubuta su kuma tace, a matsayin hidimarsu ga al'ummar da ta ba su masauki. Ƙungiyoyin ci gaban Kurfi da Dutsin-Ma da 'yan siyasar da ke raba fom ɗin JAMB kyauta duk shekara su ware kaɗan daga cikin kuɗin su buga littafin, don raba fom ba tare da jagora ba tamkar ba makaho keke ne. Gidan rediyon jiha ya ba da fili na mako-mako a karanta shi babi-babi, a amsa tambayoyi. Iyayen ƙasa, Maraɗin Katsina da 'Yandakan Katsina, su sa dagatai da limamai su yi shela. Sa'annan kowace sakandare ta ware malami ɗaya a horar da shi, ya zauna da ɗalibai tun suna aji huɗu, lokacin da ake raba su zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci, domin a nan ne ake fara kuskuren da ke bayyana bayan shekara uku.

Mu kuma da Allah Ya ba ilimi da albashi, kada mu jira gwamnati. Kowannenmu yana da ƙauyen da ya fito. Idan lokacin sayar da fom ya matso, mutum ya sadaukar da Asabar ɗaya, ya buga shafukan kundin da suka shafi makarantun yankinsa, ya je makarantar da ta yaye shi, ya zauna da 'yan aji shida da iyayensu, ya dubi sakamakon kowane yaro ya gaya masa gaskiya, ko da ba ita yake son ji ba. Wanda makinsa na aikin malanta ne ko aikin gona, a nuna masa darajar hakan da hanyar da zai bi ya kai digiri. Wadda ta isa likitanci, a ƙarfafa wa mahaifinta guiwa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kawo mana zaman lafiya a yankunanmu, Ya sa mu dace.